Salon Shiru a Wasan Horst Tappert: Nazarin Rayuwarsa da Aikinsa

1.0 Gabatarwa

Manazarta wasan kwaikwayo sun fi mayar da hankali ga abin da marubuci ya rubuta, wato jigo da zubi da tsari da sarrafa harshe, sukan bar ɗan wasa a baya, alhali kuwa shi ne yake ɗaukar rubutun ya ba shi jiki da murya a gaban jama'a. Wannan maƙala za ta dubi ɗan wasa guda ɗaya, Bajamushe mai suna Horst Tappert (1923 zuwa 2008), wanda ya shafe fiye da shekara ashirin a kan dandamali kafin ya yi suna a talabijin da wasan Derrick, wasan da aka nuna a ƙasashe fiye da 100.

Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, babban makamin Tappert a fagen wasa shiru ne da iya sauraro. Za a nuna inda ya samo wannan salo, da yadda ya dace da harshen marubucin wasan, da yadda ya taimaka wa wasan ya tsallaka zuwa wasu harsuna. Daga nan za a dubi wani shirun na daban, wanda ya yi a kan tarihin ƙuruciyarsa, aka bankaɗo shi a 2013, da irin nauyin da wannan ya ɗora wa mai nazari.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Horst Tappert ranar 26 ga Mayu, 1923, a garin Elberfeld, wanda a 1929 aka haɗe shi da wasu garuruwa ya zama birnin Wuppertal a yammacin Jamus. Mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne. Bayan makaranta ya koyi aikin akawun ciniki, sa'an nan Yaƙin Duniya na Biyu ya rutsa da shi, ya yi soja, ya kuma yi zaman fursunan yaƙi. Da aka ƙare yaƙi a 1945 ya nemi aikin riƙe littafin kuɗi a gidan wasan kwaikwayo na garin Stendal, amma sai ya tsinci kansa a kan dandamali. Ya ɗauki darasin wasa a hannun Paul Rose, ya kuma yi ta ƙaura daga wannan gidan wasa zuwa wancan: Tübingen, Göttingen, Kassel, Bonn, da Wuppertal. A 1956 ya shiga gidan wasa na Kammerspiele da ke Munich, ɗaya daga cikin waɗanda ake ji da su a ƙasar, ya zauna nan har 1967, ƙarƙashin shugabancin Hans Schweikart, daga baya kuma August Everding.

Ya fara shahara a talabijin tun yana Kammerspiele. A 1962 ya fito a matsayin limamin coci a wasan Das Halstuch, wato "gyale", na marubucin Ingila Francis Durbridge, wanda aka nuna kashi shida, jama'a suka riƙa ƙaurace wa tituna don kallonsa. A 1966 ya fito a matsayin shugaban 'yan fashi a wasa mai kashi uku, Die Gentlemen bitten zur Kasse, wanda aka gina a kan fashin jirgin ƙasan gidan waya da aka yi a Ingila a watan Agusta na 1963, inda aka kwashe kimanin fam miliyan 2.6. A 1968 da 1969 ya yi sufeton 'yan sanda a finafinan da aka ɗauko daga labaran Edgar Wallace. Ke nan kafin ya zama Derrick ya riga ya sa rigar malamin addini, da ta ɗan fashi, da ta ɗan sanda.

Gidan talabijin na ZDF ya fara nuna Derrick ranar 20 ga Oktoba, 1974, ya nuna kashi na ƙarshe ranar 16 ga Oktoba, 1998. Jimillar kashi 281 ne, kowanne kimanin awa ɗaya, kuma Herbert Reinecker ne ya rubuta su duka, Helmut Ringelmann ya ɗauki nauyin shiryawa. Tappert ya fito a kowane kashi a matsayin babban sufeto Stephan Derrick na sashen binciken kisan kai a Munich, Fritz Wepper kuma a matsayin mataimakinsa Harry Klein. Tappert da kansa ya ba da umarni a kashi 11. Ya rasu ranar 13 ga Disamba, 2008, a Planegg kusa da Munich, yana da shekara 85.

3.0 Gadon Dandamali

Ba za a fahimci salon Tappert ba sai an san tsarin da ya rene shi. A Jamus kusan kowane babban gari yana da gidan wasan kwaikwayo wanda hukumar gari ko ta jiha take ɗaukar nauyinsa, da rukunin 'yan wasa na dindindin masu karɓar albashi. Ba wasa ɗaya ake ta maimaitawa har a gaji ba. Wasanni da yawa ne ake jujjuyawa a cikin shekara, ta yadda ɗan wasa zai iya zama sarki yau, gobe bara, jibi kuma ya tsaya a gefe da jimla biyu kacal a bakinsa. Wanda ya yi shekara ashirin a irin wannan tsari ya koyi abu biyu. Na farko, furuci mai tsabta wanda na kujerar ƙarshe zai ji kowane harafi. Na biyu, yadda ake tsayuwa a dandamali a lokacin da wani ne yake magana, ba tare da an ɓace ba, ba kuma tare da an ƙwace masa hankalin 'yan kallo ba.

Wannan abu na biyu shi ne Tappert ya ɗauka ya kai gaban kyamara. Bambancin dandamali da talabijin shi ne tazara. A dandamali dole a faɗaɗa motsi don na nesa ya gani, a talabijin kuwa kyamara takan matso har fuska ta cika allo, sai ƙaramin motsin gira ya zama magana. 'Yan wasan dandamali da yawa sukan kasa rage motsinsu idan sun zo talabijin, sai wasansu ya yi kama da ihu a cikin ɗaki. Tappert ya rage nasa har ya kusa ƙarewa. Dogon mutum ne, mai kumburarrun fatun ƙasan ido, mai sanyin tafiya, kullum cikin kwat da laktaye. Abin da yake yi a mafi yawan fitowarsa shi ne ya shiga ɗaki, ya tsaya, ya yi tambaya ɗaya, ya zuba ido.

Alamar wannan salo ta bayyana tun a wasan fashin jirgi na 1966. Shugaban 'yan fashin da ya kwaikwaya mutum ne mai natsuwa da ladabi, wanda yake tsara fashi kamar yadda manaja yake tsara aikin ofis. Wato natsuwar da daga baya aka ɗauka shaidar gaskiyar Derrick ce, ita ce dai ya yi amfani da ita wajen fito da ɗan fashi. Wannan ya nuna cewa natsuwar dabara ce ta sana'a, wadda za a iya ɗora wa kowane irin hali.

4.0 Harshen Derrick

Zubin wasan bai cika sauyawa ba. Akan yi kisa, galibi a gidan masu hali a unguwannin attajiran Munich irin su Grünwald, dalilin kuwa bai wuce kuɗi ko kishi ko gudun abin kunya ba. A kashi-kashin farko akan nuna wa mai kallo wanda ya yi kisan tun da fari, kamar yadda ake yi a wasan Columbo na Amurka, daga baya aka koma ɓoye shi. Duk da haka, gano mai laifi ta hanyar zanen yatsa ko gwajin jini bai taɓa zama ƙashin bayan wasan ba. Harbe-harbe da tseren motoci kaɗan ne. Abin da ya cika wasan shi ne zance a falo, kuma yawanci yakan ƙare ne da mai laifi ya karaya ya faɗi abin da ya aikata da bakinsa.

Reinecker yana da salon tattaunawa wanda Jamusawa suka sani har suna kwaikwayonsa don raha. Jimlolinsa gajeru ne, kuma akan maimaita su: mutum ya faɗi magana, na biyu ya mayar masa da ita a sigar tambaya, na farko ya sake tabbatar da ita. A kan takarda wannan rauni ne, domin zancen ba ya ci gaba. A bakin Tappert sai ya zama dabarar tuhuma. Idan ya maimaita maganar wanda ake zargi, yakan cire mata duk wani zafi, ya ajiye ta a tsakaninsu, ya yi shiru. Mai maganar sai ya ji kalmominsa sun dawo masa tsirara, ya fara gyara su, daga gyara kuma sai ya kwance kansa. A nan shirun yana yin aikin da tambaya ba za ta yi ba, domin tambaya tana nuna wa mutum inda zai kare kansa, shiru kuwa yana barinsa ya zaɓi abin da zai kare, wanda sau da yawa shi ne abin da yake ɓoyewa.

Akwai kuma batun wakilin suna. Jamusanci yana bambanta "du", na sabo da kusanci, da "Sie", na girmamawa da tazara, kusan yadda Bahaushe yake ce wa babba "ku". Derrick da Harry suna kiran juna da sunan yanka da "du", amma wanda ake zargi, ko da an tabbatar shi ya yi kisa, yana nan a "Sie" da laƙabin girmamawa har a tafi da shi. Ladabin bai yankewa. Idan aka kwatanta wannan da Schimanski, ɗan sandan da Götz George ya fara kwaikwaya a 1981 a jerin wasan Tatort, mai ashar da dambe a unguwannin ma'aikata na Duisburg, za a ga cewa zaɓi ne aka yi da gangan. Schimanski yana wakiltar hukuma mai fushi tare da talaka, Derrick kuwa hukuma mai baƙin ciki da abin da ta gani, wadda ba ta murna ko da ta yi nasara.

Wannan salo yana daga cikin abin da ya sa wasan ya yi tafiya mai nisa. A ƙasashe irin su Faransa da Italiya ba muryar Tappert aka ji ba, an cire ta an ɗora ta wani da harshen ƙasar. Wasan da ya dogara da karin harshen unguwa, ko habaici, ko wasa da kalmomi, yakan yi asara mai yawa a irin wannan fassara. Derrick kuwa da daidaitaccen Jamusanci ake yinsa, duk da cewa a Bavariya yake, inda karin harshen yankin yake da ƙarfi. Jimlolinsa gajeru ne, akwai sarari tsakaninsu, ma'anar kuma rabinta tana kan fuska. Mai fassara ba ya shan wahalar daidaita kalma da motsin leɓe, shiru kuma ba ya bukatar tafinta. Saboda haka abin da duniya ta sani na Tappert fuskarsa ce da tsayuwarsa, furucin da ya yi shekara ashirin yana gogewa a dandamali kuwa ya tsaya ga masu jin Jamusanci.

Ba kowa ne ya yaba ba. Masanin Italiya Umberto Eco ya yi rubutu a kan wasan inda ya danganta farin jininsa da son tsaka-tsakanci, wato ba mai laifi ba, ba ɗan sanda ba, babu wanda ya fi mai kallo basira, don haka kowa yake samun kwanciyar hankali. Akwai gaskiya a wannan suka, musamman a shekarun ƙarshe, lokacin da zancen ya ƙara nauyi da wa'azi, tafiyar wasan ta ƙara sanyi, salon Tappert kuma ya daskare ya zama al'ada. Amma sukar ta fi shafar rubutun. Riƙe hali ɗaya shekara 24 ba tare da ya zama abin dariya a idon masu kallonsa ba aiki ne da sai gwani.

5.0 Shirun da Aka Bankaɗo

A 1998 Tappert ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa, wanda sunansa yake nufin "Ni da Derrick: rayuwata biyu". Abin da ya bari jama'a suka sani game da yaƙi shi ne ya yi aikin jinyar sojoji. A watan Afrilu na 2013, shekara huɗu da 'yan watanni bayan rasuwarsa, jaridar Frankfurter Allgemeine Zeitung ta buga abin da masanin zamantakewa Jörg Becker ya gano a lokacin da yake bincike don littafinsa a kan Elisabeth Noelle-Neumann. Takardun ofishin adana bayanan sojoji da ke Berlin sun nuna cewa a watan Maris na 1943, yana ɗan shekara 19, Tappert ƙaramin soja ne a Waffen-SS, reshen yaƙi na ƙungiyar SS ta 'yan Nazi, a wata runduna ta sashen Totenkopf da ke fagen daga na gabas.

Nauyin wannan suna sai an san asalinsa. An kafa sashen Totenkopf, wato "ƙoƙon kai", a 1939, daga cikin masu gadin sansanonin gwale-gwale na gwamnatin Hitila, ƙarƙashin Theodor Eicke, kuma yana da tarihin kisan fursunonin yaƙi. Kotun Nuremberg a 1946 ta ayyana SS, har da Waffen-SS, a matsayin ƙungiyar masu laifi, amma ta keɓe waɗanda hukuma ta tilasta wa shiga kuma ba su aikata laifi ba. Takardun da aka samu sun tabbatar da kasancewar Tappert a rundunar, ba su ɗora masa wani laifi da ya yi da hannunsa ba. Adalci ya wajabta a faɗi duka biyun. ZDF dai ta sanar a 2013 cewa ta daina maimaita wasan, wasu gidajen talabijin a Holan da Faransa su ma suka janye shi.

Shi kuwa Reinecker, marubucin wasan, tarihinsa ba ɓoyayye ba ne tun yana raye: ya yi wa ƙungiyar matasan Hitila aikin jarida, ya kuma yi wakilin yaƙi na Waffen-SS. Ke nan mutum biyu da suka fi kowa hannu a siffanta ɗan sandan Jamus na kirki a idon duniya sun fito ne daga ƙungiya ɗaya. Wasan da suka yi kuwa, duk da cewa laifi da nadama su ne jigonsa, da wuya ya waiwayi zamanin Nazi. Laifin da Derrick yake tonowa kullum na cikin gida ne, na mutum ɗaya, wanda ake iya kammala shi cikin awa guda.

6.0 Matsayin Mai Nazari

Tambayar da ta taso ita ce, me wannan bayani ya canza a kimar aikin? Akwai ra'ayi biyu masu sauƙi, kuma kowanne yana da giɓi. Na farko shi ne a ce ɗan wasa daban, halin da ya kwaikwaya daban, don haka babu abin da ya canza. Wannan gaskiya ne ga wanda ya yi hali ɗari a rayuwarsa, amma Tappert ya bari an narkar da shi da Derrick. Ya karɓi muƙamin girmamawa na 'yan sandan Bavariya a 1980, ya sa sunan Derrick a kan littafin rayuwarsa, ya ci moriyar amanar da jama'a suka ba wannan fuska. Wanda ya karɓi ladan haɗuwar ba zai tsira daga hisabinta ba.

Ra'ayi na biyu shi ne a ce wasan duka yaudara ne, a kulle shi. Wannan ma bai wadatar ba, domin kullewa tana kawar da shaida. Derrick yana nuna yadda wani ɓangare na al'ummar Jamus ta Yamma ya so ya ga kansa bayan yaƙi: mai tsabta, mai ladabi, mai bin doka, mai jin zafin laifi muddin laifin na wani ne. Wanda yake son fahimtar wannan zamani yana bukatar ya kalli wasan, ya kuma san su wane ne suka yi shi.

A laccarsa da aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya jero siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe, daga cikinsu akwai gaskiya, amana, haƙuri, hankali, kunya, ladabi da mutunci. Idan aka auna Derrick da wannan ma'auni za a ga cewa ɗan wasa yana iya nuna haƙuri da hankali da ladabi da mutunci ta hanyar tsayuwa da kallo da sassauta murya, kuma Tappert ya nuna su sarai. Gaskiya da amana kuwa ba su da siffar da ido yake gani. Mai kallo ne yake ɗauka cewa suna nan saboda ya ga sauran. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, sana'ar ɗan wasa kuwa an gina ta ne a kan sarrafa fuskar da ake tambaya.

Ana iya kwatanta shi da marubuci Günter Grass, wanda ya sami kyautar Nobel a 1999, ya kuma bayyana da kansa a 2006 cewa ya shiga Waffen-SS yana matashi. Grass ya sha suka mai tsanani saboda jinkirin shekara sittin, amma ya tsaya an tambaye shi ya amsa. Tappert ya ga abin da ya sami Grass, ya rayu shekara biyu bayan haka, bai ce komai ba. Abin da ake tuhumarsa da shi a nan ya fi karkata ga dattijo mai shekara 75 da ya zauna ya rubuta tarihinsa ya tsallake wannan babi, fiye da yaro ɗan shekara 19 da yaƙi ya haɗiye.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi rayuwar Horst Tappert daga Elberfeld zuwa gidajen wasan larduna, zuwa Kammerspiele, zuwa shekara 24 na Derrick. An nuna cewa gwanintarsa tana cikin rage motsi da iya sauraro, cewa wannan ya rufa wa raunin rubutun Reinecker asiri har ya mayar da shi dabara, kuma shi ya sa wasan ya jure cire murya da ɗora wata. An kuma nuna cewa bayanin 2013 bai rage wannan gwaninta ba, amma ya sauya yadda ake karanta ta, domin mutumin da ya shafe kashi 281 yana jiran wasu su faɗi abin da suka ɓoye ya rasu bai faɗi nasa ba.

Darasin da ke nan ga masu nazarin harshe da wasan kwaikwayo shi ne, shiru ɓangare ne na zance wanda ya cancanci a yi masa nazari kamar yadda ake yi wa kalma: a ina ya faɗo, wa ya yi shi, me ya tilasta wa abokin magana, me kuma ya rufe. Nazarin da ya tsaya ga rubutaccen wasa kaɗai ba zai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin a kan takarda shirun Derrick sarari ne kawai tsakanin layi biyu.